Gwaiduwar Labaran

Da likita ya hana Labaran cin gwaiduwa saboda kitse a jini, sai matarsa Hajaratu ta koma soya masa farin ƙwai kaɗai. Gwaiduwar tana taruwa a kofi, ita kuwa ba ta iya zubar da abinci.

Maƙwabciyarsu Wafa'a, wadda yaƙi ya koro unguwarsu ta Umbadda, tana shayarwa. Ta rame, amma ba ta karɓar sadaka.

Hajaratu ta leƙa ta katanga riƙe da kofin gwaiduwar. "'Yar nan, taimake ni. Lalacewa take yi, alhakin yana kaina."

Wafa'a ta daɗe tana kallon kofin. "To Gogo, in don haka ne, kawo."

Labaran ya lura ƙwan da ake fasa masa kullum ya ƙaru. Bai tambaya ba, ya riƙa cinyewa.