Macijiyar Baba Kafinta

"Kar ki buga!" in ji Baba Kafinta daga kan katifarsa.

Maƙwabciyarsa mai ɗinki ta tsaya da guntun katako a sama. Mako shida ke nan tana jinyarsa, tun da ƙafafunsa suka kumbura, domin ɗansa direban babbar mota ne, ba ya zama. Ta gaji har cikin ƙashi, ga kuma wani abu mai ruwan ƙasa yana sulalewa a gindin bango.

"Baba, maciji ne fa!"

"Mace ce, 'yata. Shekara huɗu muna zaman haya tare, ba ta da dafi. Da rana tana kwance ƙarƙashin katako, sai duhu ya yi take fitowa, tana lasar iska da harshe har ta gano hanyar ɓera. In ta haɗiye guda, sai ki yi mako ba ki gan ta ba. Ɓera ya taɓa ci miki yadi?"

Mai ɗinki ta yi tunani. Bai taɓa ba. Ta ajiye katakon.

Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "Ta yi ƙwai a tulin garin katako na bayan shago. Wata biyu suke yi kafin su ƙyanƙyashe. Ni dai ba zan gani ba. Kar ki bari a sa wa tulin wuta."

"Haba Baba, da wanne zan ji? Kai ko ƙwan maciji?"

Ya yi dariya har ta zame masa tari.

Ranar Talata da hantsi ya cika, tana cikin matse tsumman da take goge masa fuska. Ta rufe masa ido, ta zauna a bakin katifar ta daɗe kafin ta kira mutane.

Bayan kwana huɗu ɗan ya zo share shago, da galan ɗin kananzir a hannu, ya nufi tulin garin katakon.

"Dakata," ta ce, ta gaya masa wasiyyar.

Ya dube ta da jajayen idanu. "Yaya, kwana biyu ban runtsa ba. Mai gida na son shagonsa gobe. In kina so, kwashe."

Ta durƙusa ta tona da murfin tukunya. Guda tara ne, farare, manne da juna, masu laushi kamar fata. Ta zuba su a tsohon baho tare da garin katakon, ta kai bayan ɗakinta, ta rufe da buhu. Uwar kuwa, tun da ɗan ya sa wa tulin wuta hayaƙi ya tashi, ba a sake ganinta ba.

Bayan 'yan makonni, wata safiya ta fito shanya, ta ɗaga buhun. Ɓawon ƙwan duk ya tsage, ya motse, ba kowa ciki. A kan ƙasa mai laima akwai siraran layuka, kamar an ja zare, sun nufi ƙarƙashin katanga.