Makullin da Ya Hau Jirgi

Tun da Auta ya samu aiki a wata ƙasa, Mama ta haddace abu ɗaya: daga filin jirginsu zuwa namu awa ɗaya da rabi ne. Ita da ba ta taɓa leƙa cikin jirgi ba. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ya sha wannan karatu.

Ni kuwa, babbar 'yarta, a can ƙarshen gari nake aure. Mota biyu nake shiga, in aka yi cunkoso awa biyu cur kafin in iso. Ni ke kawo mata maganin hawan jini, ni ke yanke mata farce. Amma a lissafin Mama, Auta ya fi ni kusa.

Na daɗe ina haɗiyewa, har ranar da ya zo hutu ta ɗauki makullin gidanta na biyu ta danƙa masa a gabana.

Na ce, "Mama, ni fa?"

Ta ce, "In wani abu ya faru, kafin ki fita daga cunkoson nan naki shi ya sauka."

Auta ya yi dariya ya jefa makullin a aljihu. Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Ƙanen da na goya a bayana.

Bayan wasu watanni maƙwabciyarta ta kira ni da hantsi, wai Mama ba ta buɗe ƙofa ba, kuma tana jin nishinta. Da na iso na tarar da ƙofa a kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanin Mama kamar kullum, ita kuma tana kwance a bakin banɗaki, ta zame. Ta taga muke magana.

"Kin kira Auta?" Abin da ta fara tambayata ke nan.

Wani kafinta na fara kira. Ya ɓalle kwaɗon, muka ɗauke ta zuwa asibiti, aka ɗaure mata ƙafa. Auta bai samu kujera a jirgi ba sai bayan kwana biyu. Ya shigo da ƙamshin turare da makullin ƙofar da aka riga aka canza wa kwaɗo.

Mama ta riƙe hannunsa ta dube ni. "Kin gani? Da safe ya taso, ga shi ko azahar ba a yi ba."

Na shiga kicin na dinga wanke tukunyar da ba ta da datti.

Sabon kwaɗon ma makulli biyu gare shi. Na ba ta duka, na tsaya ina kallo. Ta ɗaure ɗaya a bakin zani, ta miƙa wa Auta ɗayan.

Washegarin tafiyarsa ina shara na ga makullin a kan firji, inda ya ajiye shi ya manta. Na nuna wa Mama. Na zaci yau dai za ta gane.

Ta juya shi a hannu, ta mayar mini da shi.

"Ki nemi mai tafiya ya kai masa," in ji ta. "Kada wani abu ya faru ba ya da shi."

Na ce to. Ga shi nan a jakata har yau, ina buɗe ƙofar uwata da shi a ɓoye kamar ɓarauniya.