Harsashin da Kawu ya zaɓa

Alhaji Zabeirou ya zare kwalin harsashin daga hannun Chaïbou ya mayar kan kanta, kamar wanda ya kama yaro da ashana.

"Ba wannan ba."

Chaïbou ya haɗiye maganar da ta taso masa. Alhaji kawun matarsa ne, wata biyu da zuwansa Greensboro ta Amurka daga Maraɗi, kuma ba a yi wa suruki gardama a tsakiyar shago. Amma fa abin da ciwo. Shekara shida Chaïbou yana harbin barewa da harsashi iri ɗaya, mai bakin dalma, wanda ke buɗewa a jikin dabba ya kayar da ita nan take. Da shi ya saita bindigarsa. Yau ga wanda bai taɓa taka dajin ƙasar nan ba yana zaɓa masa.

Alhaji ya ɗauko wani kwalin, mai harsasan da tagulla ta rufe har baki.

"Kawu, wannan na koyon harbi ne, takarda ake hudawa da shi. Ratsa barewa yake yi ya wuce, ba ya kayar da ita."

"Voilà, shi nake so. Naka yana kashe ta kafin in kai mata wuƙa. Ni ba na cin abin da ban ga an yanka ba."

"Ai malamai sun ce in aka yi bisimilla kafin a harba..."

"Malaman Amurka," in ji Alhaji, ya nufi wurin biya.

Dajin da za su shiga na Baba Josiah ne, wani dattijo mutumin Jos mai gida a Pleasant Garden. Shi ya yarje wa Chaïbou farauta a bayan gidansa, har ya ba shi makullin ƙofar dajin, kan sharaɗi guda: kada a bar masa dabba tana yawo da rauni. Wani ya taɓa yi, bai sake shiga ƙofar ba. Chaïbou ya faɗa wa Alhaji haka a mota har sau biyu. Alhaji ya ce tun kafin a haifi Chaïbou yake bin maharba.

Bayan la'asar suka zauna a gindin wata bishiya. Chaïbou ya daɗe yana juya harsashin a hannu. Ya san ba daidai ba ne, wallahi ya sani. Amma Alhaji na gefensa da wuƙa a cinya yana kallon yatsunsa, shi kuwa kunya ta ci shi, ya ɗura.

Barewar ta fito daga cikin itatuwa. Chaïbou ya yi bisimilla ya harba. Ta yi tsalle ɗaya, ta juya, daji ya haɗiye ta.

"Ka same ta, mu je," in ji Alhaji, har da murmushi.

Fiye da awa ɗaya suna bin ɗigon jini cikin ƙaya da busasshen ganye. A wani wuri ta kwanta, ta tashi, ta sake kwanciya. Duk inda Chaïbou ya ga shatin jikinta sai ransa ya ƙara ɓaci. A bakin rafi suka iske ta, kai a kife, ƙafafun gaba sun tone ƙasa.

Alhaji ya taɓa idonta da tsinin wuƙa, ya miƙe yana haki.

"Ta riga ta mutu. Ni dai ba zan ci ba. Mu tafi, ba sai dattijon ya ji ba."

"Kawu, awa guda tana shan azaba don kai ka yanka. Yanzu kuma mu bar wa mutum mushe a bayan gida?"

Chaïbou bai taɓa ɗaga wa Alhaji murya ba sai ranar. Ya kama ƙafafun baya ya ja ta shi kaɗai har bakin gidan.

Baba Josiah na tsaye a baranda, ya ji ƙarar harbin tun ɗazu. Ya sauko ya duba ɗan ramin da harsashin ya shiga, ya duba inda ya fita, duk girmansu ɗaya.

"Chaïbou, wa ya zaɓi wannan harsashin?"

Chaïbou ya dubi Alhaji. Alhaji na kakkaɓe ƙaya daga wandonsa a natse.

"Ni na ɗura shi, Baba."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce su ɗauki naman, kada ya lalace. Sannan ya miƙa hannu, Chaïbou ya ciro makullin ƙofar daji daga aljihu ya sa masa a tafi.