Rawayar Leda a Ɗakin Na'urori

Manhajar hasashen guguwa da ke kan manyan kwamfutocin wata cibiyar bincike a birnin Hsinchu, Liao Pei-shan ce ta haɗa ta da hannunta. Ta sha wuya a kanta ba kaɗan ba: ta gyara wannan ɓangare, wancan ya ƙi zama, ta rushe ta sake daga farko. Shekara da shekaru duk ɗalibin da ya buga sunan manhajar, haɗin Pei-shan ne ke fito masa, ba sai ya zaɓa ba. Wannan gurbi shi ne abin taƙamarta.

Sai aka ɗauko Kuo Yen-ting aiki. Ya zo da wata dabara da ke haɗa komai da kanta, shi yana zaune yana latsa waya. Abin haushin ma, nasa haɗin ya fi gudu. Ɗaliban da a da ke yi mata layi, yanzu a teburinsa suke ajiye shayin madara, ita kuwa sai "sannu, Yaya" a wuce. Kishi ya ci ta ƙwarai, ko kanta ba ta ɓoye wa ba. Da shugabansu Farfesa Hsieh ya ce za a gwada haɗin biyun, wanda ya fi shi zai riƙe gurbin, abinci ma ya daina yi mata daɗi.

Kowa ya san ƙa'idar ɗakin na'urori. Koriyar ledar ƙwalamar kwakwa ake ɗora wa na'ura don ta yi ladabi. Rawaya kuwa launin fitilar matsala ce, ba mai shigowa da ita. Pei-shan takan yi wa masu wannan camfi dariya. Amma ranar gwaji, da mutane suka fita cin abincin rana, sai ga ta cikin sanyin ɗakin da rawayar ledar ƙwalama a jaka, ta nufi layin na'urorin da haɗin Yen-ting ke aiki a kai.

Tana miƙa hannu za ta ɗora, ta ji murya daga ƙasa.

"A'a, Yaya! Rawaya? So kike ki ƙona mana gida?"

Yen-ting ne tsugune a bayan na'urori yana ɗaure wayoyi.

"Tawa ce, ci zan yi," ta ce.

"A nan ɗakin? To sam mini, wallahi ban karya ba. Ba zan tona ki ba."

Ya karɓa ya farke, ya hau ci hankali kwance, ko alamar zargi babu a idonsa.

"Af, Malam ya gan ki kuwa? Ai gwajin tun da safe ya ƙare. Daga gobe nawa ne zai riƙa fitowa."

Ta dafa ƙarfen da ke kusa da ita.

"Amma na roƙe shi kada a goge naki, Yaya. Na san wahalar da kika sha. Za a bar shi a gefe, ko wani zai nema."

Da gori ya yi mata, da ta san abin da za ta mayar masa. Tausayin nan ne ya fi ƙona mata rai.

"Wa zai nema?" ta ce.

Yen-ting ya daina tauna. Ya ɗaga kai sama, da gaske yake laluben suna ko da ɗaya ne, ita kuma ta tsaya tana jira.