Safara'u da Rubutun Ƙusa

Shekara biyu da tashinsu daga tsohon gari, Safara'u ba ta sami yumɓun da ya kwanta mata a rai ba. Maginiyar tukwane ce tun tana budurwa, amma ramin da ta saba ɗiba yana can ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. A sabon matsugunin da aka ba su, kudu da Bebeji, ƙasar duk tsakuwa ce. In ta gina randa goma, huɗu sai sun tsage a wuta.

A bazarar 1976 katafila ta zo tana haƙa hanyar ruwan noman rani a bayan gari, ta tono wata baƙar ƙasa mai danƙo ta tara a gefe. Safara'u ta gutsura, ta murza a yatsa, ta ji abin da ta daɗe tana nema. Kwana uku tana jida da kwando. A na huɗu wata Landiroba ta tsaya kusa da ita, wani Balarabe mai furfura a gefen kai ya fito. Ta ɗauka korarta zai yi. Sai ta ga ya tsuguna ya ɗebi yumɓun, ya sunsuna, ya yi murmushi, ya kama zuba mata Larabci. Ban da sallama babu abin da ta tsinta. Ta nuna masa rufin gidansu da hannu, ta ce Malam yana ciki.

Malam Datti, mijinta, shi ke koyar da Larabci a firamaren garin. Ranar suka zauna da baƙon a zaure tun hantsi har azahar. Sunansa Injiniya Nazim, daga Iraƙi, yana cikin masu awon hanyoyin ruwa. Ya ce ƙamshin yumɓun ne ya tuna masa garinsu, inda babu dutse ko na jifan tsuntsu, har mutanen farko na ƙasar, Sumariyawa, a kan yumɓu suke rubutu. Bayan sati ya dawo da kaya biyu. Ɗaya littafi ne na Larabci mai koyar da wannan rubutu, wanda ake kira rubutun ƙusa. Ɗayan kwafin wani tsohon tubali ne da aka zuba da farar ƙasa, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Ya ce a ƙofar gidan adana kayan tarihi na Bagadaza ya saye shi, da shi yake danne takardu a ofis, kuma bai san me aka rubuta a kai ba. Littafin ma aiki bai bar shi ya wuce shafi na goma ba.

Da Malam ya shigo da su cikin gida, Safara'u ta tambaya ko ba wani abin tsafi ba ne. Ya ce a'a, rubutun mutane ne kamar kowane, na ƙasar da aka ce can aka haifi Annabi Ibrahim. Ta ce to.

Sati biyu Malam yana fama. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a gindin mainar tsakar gida da allo da tawada yana kwaikwayon alamomin, suna fitowa kamar sawun kaji. Ya fiƙe alƙalami, ya sake fiƙewa, abin bai yi kama ba. Rannan Safara'u tana cuɗa yumɓu kusa da shi, ta wanke hannu ta ɗauki tubalin, ta bi layukan da ɗan yatsa.

"Malam, ai wannan ba jan alƙalami ba ne," in ji ta. "Dannawa aka yi, tun yumɓun yana ɗanye."

Ta zaro gamba daga zana, ta fere bakinta da wuƙa ya yi kusurwa, ta mulmula yumɓu ta daddaɓe shi kamar waina. Ta ɗora kusurwar ta danna, ta ɗan kwantar da hannu. Da ta ɗaga, sai ga ƙusa sak, da kanta mai faɗi da jelarta siririya. Malam ya duba yumɓun, ya duba allonsa, ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce wanke allon nan kawai za a yi.

Daga ranar karatu ya zama na mutum biyu. Shi ya karanta bayanin Larabcin ya fassara, ita ta danna. Safara'u ko izu biyu ba ta kai ba a makarantar allo aka cire ta, boko kuwa ba ta taɓa shiga ba, amma duk abin da hannunta ya yi sau uku ya zauna mata. Alamar ruwa suka fara koya, ana ce mata "a". Sai wata mai kama da tauraro, "an", wato sama. Da Malam ya ce in an haɗa su biyun ma'anar ita ce ruwan sama, Safara'u ta ajiye gambar ta ce ashe ma Hausawa ne. In aka sa alamar abinci a cikin ta baki, an ce ci. In ruwa aka sa, an ce sha. Da suka zo kan ruwa da ido a jere, ta hana shi duba littafin.

"Tsaya. Hawaye ne."

Ya duba, hawaye ne. Ranar miyarta har da nama.

"Lu" mutum, "gal" babba, a haɗe "lugal", sarki. Tun daga nan in ta kawo masa tuwo sai ta ce ga abincin Lugal, shi kuma ya gyara zama ya ce a ajiye a nan.

Da damina ta yi nisa karatun ya fara cije wa Malam. Alama ɗaya sai ta zo da karatu huɗu ko biyar, kuma aikatau can ƙarshen jimla yake, da wasu ƙananan gaɓoɓi jere a gabansa kamar raƙuman ayari. Mutumin da ya sha nahawun Larabci a Kano, ga shi harshen mutanen da suka shuɗe ya tsaya masa a wuya. Wata ranar Talata ya rufe littafin, ya ɗora a kan akwati, ya ce shi ya gaji, gonarsa ma tana jiran noma na biyu.

Safara'u kuwa ta riga ta saba, har ta fara danna alamar ruwa a wuyan kowace randa kafin ta gasa. Yumɓun sabo ne mai kyau, randunan suka fito da sanyi. A kasuwar Kiru, Baturiya mai sayar da daddawa, maƙwabciyarta a rumfa, ta rantse wa wata mata cewa rubutun ne ke sanyaya ruwa. Kafin azahar magana ta zaga kasuwa, mata suka yi cincirindo. Safara'u ta miƙe tsaye ta ce musu kowa ya ji, babu wani laƙani, abin da aka rubuta "ruwa" ne kawai, sanyin kuwa na yumɓu ne. Wasu suka tafi, wasu suka saya duk da haka. Baturiya ta yi ta ƙunƙuni wai ta ɓata wa kanta ciniki.

Cikin masu kallo akwai wani dattijon makiyayi, Umaru, daga wajen Doguwa. Ya daɗe yana juya wata tukunya a hannu, sannan ya tambaya ko mutanen nan suna da shanu. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce in suna da su, yana son tukunya mai sunan saniya, zai dawo kasuwa mai zuwa. Da ta koma gida ta sauke littafin daga kan akwati, ta kakkaɓe, ta ajiye a cinyar Malam, ta ce wani bawan Allah zai taso tun daga Doguwa saboda saniya, ba za ta ji kunya ba. Ya buɗe don ya nemo mata kalma ɗaya. Ya samo, "ab" ake ce mata. Kiran magariba ne ya tashe shi daga kan littafin.

Da kaka suka ce lokaci ya yi da za su gwada tubalin Injiniya. Layi takwas ne, kowanne cikin ɗan akwatinsa. Kwana biyar Malam yana dubawa bai gane ko alama ɗaya ba, har ya fara zargin ko wani harshe ne daban. Safara'u ta karɓa, ta riƙe gambarta a kansa kamar za ta danna, ta ji hannunta ya murɗe. Ta ce babu mai rubutu a haka sai in yana son ciwon wuyan hannu. Ta juya tubalin ya kwanta a gefensa, kawunan ƙusoshin suka koma hagu da sama yadda ta saba. Nan take ta ga babban mutum yana kallonta a layi na uku.

"Ga Lugal nan, Malam."

Sati shida suka yi a kansa. Sunayen sarkin da garinsa sun iya furtawa, ko da yake ba su san su ba. Sun gane "namiji mai ƙarfi". Sun gane kogi, don alamar ruwa ce a gabansa. Aikatau na ƙarshe ya ba Malam wuya, sai da ya bi jerin kalmomin bayan littafin ɗaya bayan ɗaya ya same shi. Layi biyu kuwa, na shida da na bakwai, suka ƙi buɗuwa ko ta ina.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Injiniya Nazim ya zo. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura. Safara'u ta yafa mayafi ta zauna daga bakin ƙofa da tubalin a cinya. Ta fara daga layin farko. Tana karantawa da harshen Sumar, da karin bakin Kano, Malam yana mayarwa Larabci: wane, namiji mai ƙarfi, sarkin gari kaza, ya haƙa kogi.

Injiniya ya sa aka maimaita masa kalmar ƙarshe. Sai ya kama dariya yana buga gwiwa, har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce shekara shida abin nan yana kwance a kan zanen hanyoyin ruwansa, ashe takardar abokin aiki ce. Ya tambaya ko sarkin ya faɗi cewa ruwan ya gudana bayan haƙar, don nan ne wahalar take. Safara'u ta ce a gaya masa akwai layi biyu da ba su karantu ba, wataƙila a nan ya faɗa.

Injiniya ne ya kawo shawarar a tambayi wani malamin jami'a a Bagadaza, abokin wansa. Ya ce amma kada a aika takarda kaɗai. Malam ya tsara gaisuwa ta layi huɗu, Safara'u ta danna a ɗan yumɓu, ta sa sunanta a ƙasa. Da yake rubutun ba shi da "fa", sai ya fito Sapara'u, Malam ya ce ai rabin garin ma haka suke kiranta. Ta gasa shi tare da tukwane, aka naɗe da auduga aka sa a gwangwanin shayi.

Sai bayan babbar salla amsa ta iso. Ranar 'yarsu Luba ta zo daga Tudun Wada da jaririyarta, gida cike da mata 'yan ganin jariri, Malam ya shigo da ambulan da wani ƙunshi. Ya tsaya a tsakar gida ya karanta. Layukan nan biyu sunan kogin ne, dogon suna, shi ya sa ba su same shi a littafi ba. Malamin ya ce a gaisuwar akwai kuskure uku, duk na nahawu. Hannun da ya danna rubutun kuwa, ya ce shekara ashirin yana koyarwa bai sami ɗalibin da ya kai shi tsabta ba, yana so a gaya masa a wace makaranta marubucin ya yi karatu.

Mata suka ɗauki guɗa. Safara'u ta rufe fuska da gefen zane tana dariya, Luba tana jijjiga ta. Malam ya ce kuskure uku a layi huɗu ai ba laifi, kuma ɗaya daga ciki ma yana da ja a kai.

A cikin ƙunshin littafi ne na biyu, ya fi na farko kauri. Da baƙi suka watse bayan la'asar, Safara'u ta karɓi jikarta ta goya, ta jawo kwandon yumɓu gindin maina, ta ce wa Malam ya fara da amsar wasiƙar tukuna, a gaya wa mutumin gaskiya cewa maginiyar tukwane ce, ba ɗalibar wata makaranta ba, sannan a buɗe shafin farko.