Sunan da Waya Take Nema

Tun ranar da Hajiya Baiwa ta zame a bakin rijiya, 'ya'yanta suka sa ta gaba, wai sai ta bar Matamaye ta koma Damagaram gidan ɗanta na fari. Ita kuwa ta kafe, ta ce ba mai raba ta da ɗakinta da awakinta. Da ƙyar aka yi sulhu. Autarta Safiyatu ta kawo mata waya mai jin magana, tunda tsohuwa ba ta karatun boko. Sharaɗi ɗaya ne: kullum da safe ta kira babban yayansu, ya ji lafiyarta, ya tuna mata maganin hawan jini. In aka kwana uku shiru, mota za ta zo ɗaukarta.

Kiran ma ba wuya, in ji Safiyatu, sunansa kawai za ta faɗa wa wayar.

Nan Hajiya ta sha jinin jikinta. Shekara hamsin da biyu ba ta taɓa kama sunan ɗan fari ba, yadda uwarta ba ta taɓa kama na yayarta ba. "Wancan" take ce masa, ko "na Damagaram", kuma kaf gidan ba wanda bai sani ba. Ta ce a canja sunan da ke cikin wayar, Safiyatu ta ce Yaya ne ya shirya, ita ba ta iya ba. Tana faɗa tana gyara ɗankwali, ta ƙi haɗa ido, da la'asar ta koma gidan mijinta a Tsauni.

Ashe tarko aka ɗana mata, haka Hajiya ta yanke. So suke ta kasa, su ce ita ta karya sharaɗi.

Ranar farko ta ce wa wayar ta kira wancan. Wata murya mai ladabin munafunci ta ce ba ta gane ba. Rana ta biyu ta kai wa maƙwabciyarta Najaha ta faɗi sunan, wayar ta yi kunnen uwar shegu, don muryar Hajiya kaɗai aka koya mata. Har Najahar ma sai da ta sha harara, don ta yi dariya.

Rana ta uku da hantsi Hajiya ta kore awaki daga ƙofa, kamar su za su kai labari unguwa, ta sako labule. Ta faɗa wa wayar sunan can ƙasa-ƙasa, shiru. Ta sake, ba ta ji komai ba. Haushi ya ɗebe ta, ta ɗaga murya, ba ta san kira ya riga ya shiga ba.

"Idrisa!"

"Na'am, Inna."

Kunya ta rufe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska ita kaɗai a ɗaki. Da bakinta ya buɗe, ta tambaye shi ko shi ya ƙulla wannan don ya raba ta da gidanta. Ya amsa cewa shi ne ya shirya, da gangan kuma.

"Amma ba don in ɗauke ki ba, Inna. Na yi furfura ban taɓa jin sunana a bakinki ba."

Ta so ta yi faɗa, tausayinsa ya hana ta. Ta ce masa dai ta sha magani, kada ta ga wata mota a ƙofarta. Sai da ta ajiye wayar ta tuna gobe da safe ma sai ta kira.