Laimar Noelene a Kan Mangwaron Baba Enzo

Ranar Lahadi da hantsi, a tsalle na biyu daga jirgin sama, laimar saukar Noelene Haskett ta buɗe a murɗe. Igiyoyin sun sarƙe da juna kamar kitso, laimar ta kama juyi da ita tana ƙara gudu. Ta yi shure-shure ko za su warware, ta dubi ma'aunin tsayi da ke hannunta, ta ga lokaci ya ƙure. Sai ta yi abin da aka koya mata shekara tara da suka wuce, wanda ba ta taɓa gwadawa ba sai a ƙasa: ta fizgi jan mariƙi ta saki babbar laimar, ta fizgi na ƙarfe, ta ko-ta-kwana ta buɗe a kanta fara fat. Ta sauka a gefen fili lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ita kuwa babbar laimar, iska ta yi yamma da ita wajen gonakin rake har ta ɓace wa kowa.

Noelene mace ce mai shekara hamsin da huɗu, direbar bas ɗin 'yan makaranta a garin Ayr. Ba ta da yawan magana, ko a fili ko a zauren hirar da 'yan ƙungiyarsu ta masu tsalle da laima suka buɗe a waya. Mutum ɗari da wani abu ne a zauren, wasu ma ba ta taɓa ganinsu ido da ido ba, kuma kullum zancen ɗaya ne: gajimare zai yaye ranar Asabar ko ba zai yaye ba, wa ke sayar da tsohuwar hular kwano, wa ke da wuri a motarsa, wane marar imani ne ya bar safarsa a rumfar naɗe laima. Ita dai takan karanta ta yi dariya ita kaɗai.

Amma ran nan, kafin ta gama shan shayin da aka miƙa mata, wayarta ta fara rawa ba ƙaƙƙautawa. Talei ce ta fara rubutu, 'yar Fiji mai duba laimomin ƙungiyar da ɗinke su, wadda kuma ita ke riƙe da zauren.

"Jama'a, Noelene ta saki babba ɗazu. Tana nan ƙalau, tana cin biskit ɗina. Amma Labulen Kaka ya yi gaba."

Labulen Kaka shi ne sunan da suka laƙaba wa laimar, saboda launinta: ruwan goro da shunayya, da wani kore shar a tsakiya mai sa ido hawaye. Noelene ta saye ta ne a hannun wata mata da ta daina tsalle, kuma tana sonta kamar me.

"Barka da arziki, Yaya Noelene!" in ji wani.

"Barka! Su kuma idanunmu sun huta," in ji wani.

"Kada ku damu, ba mai sace ta. Ko ɓarawo yana da kunya."

Noelene ta rubuta, "Allah ya isa tsakanina da ku," ta haɗa da fuskar dariya. Amma a ranta ba dariya take ba. Kuɗin sabuwa ya kai na tsohuwar mota, ga shi lokacin yankan rake ne, manoma na cinna wa gonaki wuta kafin injin yanka ya shiga. In laimar tana cikin ɗaya daga cikinsu, to sai dai toka.

Nan fa Merv Doolan ya shigo. Tsohon ma'aikacin safiyo ne da ya yi ritaya, ba abin da yake so a duniya irin a tambaye shi lissafi, ko ma ba a tambaye shi ba. Ya aiko da taswira ya zana mata jan da'ira.

"Na auna ƙarfin iska da tsayin da ta saki. Tana cikin wannan da'irar. Na rantse da gemuna."

"Baba Merv, ai ba ka da gemu," in ji Talei.

"To na rantse da naki."

Ranar Litinin, da Noelene ta sauke ɗalibi na ƙarshe ta ajiye bas, su shida suka nemi izinin mai gonar raken wurin suka kutsa cikin da'irar Merv. Raken ya fi kowa tsayi, ganyensa na yanka hannu, zafi kamar a cikin tanda. Suka fito da ƙaiƙayi, da tsohuwar taya, da takalmi ƙafa ɗaya da wani ɗan ƙungiya ya yar daga sama tun bara. Aka sa hoton takalmin a zaure, mai shi ya rantse ba nasa ba ne, alhali sunansa na rubuce a ciki. Ranar Talata Merv ya ce ya gano kuskurensa, ya matsar da da'irar kudu. Can ma babu komai sai wata mesa da ta sa Merv ɗin ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi.

Da yammacin Laraba Noelene ta ga hayaƙi ya turnuƙe daga yamma, baƙin tokar rake na sauka a kan shanyarta. Ta zauna a baranda ta rubuta, "Ku bar wahala haka nan, na haƙura. Na gode ƙwarai." Ta ajiye wayar, ta shiga kwashe kaya daga igiya.

Tana cikin ninke zanen gado wayar ta sake rawa. Wani Fintan ne, ɗan zauren da ke can Tasmania, wanda karayar ƙafa ta kwantar wata biyu. Bai taɓa zuwa Ayr ba, bai san kowa a can ba, amma rashin aikin yi ya sa ya shiga duk shafukan saye da sayarwa na garin yana bin hotuna ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya Noelene, ban son in ɗaga miki rai a banza. Amma dubi bayan matar nan."

Hoton wata dattijuwa ce mai suna Pina Cavallaro, tana tallar mangwaro a faranti a ƙofar gidanta. Can bayanta, ta saman kafaɗarta, ga wata bishiya an lulluɓe mata kai da wani abu ruwan goro da shunayya, da kore shar a tsakiya.

Zauren ya kaure. Cikin minti biyar saƙo ya fi sittin.

"Shi ne! Wallahi labulen ne!"

"Duniya babu mai wannan munin sai shi."

"Baba Merv, ina da'irarka? Gidan nan kilomita huɗu yake arewa da ita."

"Iskar ce ta saɓa alkawari," in ji Merv. "Lissafina daidai yake."

Washegari da la'asar Noelene da Talei suka nufi gidan. Ƙaramar gonar mangwaro ce, bishiyoyi kamar arba'in, an datse su gajeru. Mai gidan, Enzo Cavallaro mijin Pina, tsoho ne ɗan shekara saba'in da tara, gajere mai faɗin ƙirji, yana zaune a inuwa yana wasa almakashin datse reshe. Laimar tana kan bishiyar da ta fi kusa da gida, an ja ta an ɗaure gefunanta da igiyoyinta a rassa, aikin tsanaki.

"Sannu da hutawa, Baba," in ji Noelene. "Mun zo ne kan wancan ƙyallen. Nawa ne, ya kuɓuce mini ranar Lahadi."

Enzo ya dube ta sama da ƙasa. "Naki? 'Yata, daga sama ya sauko. Ina tsaye a nan ina kai wa Ubangiji ƙarar jemagu, sai ga shi ya taho sannu a hankali ya zauna a kan bishiyar da ubana ya dasa. Ke da me kika hau can?"

"Da jirgi, Baba. Ni ma daga saman na sauko, amma da wata laimar."

"Au, ku ne masu faɗowa nan! Kullum Pina sai ta yi muku addu'a, ni kuwa na ce mata ta bar ɓata bakinta, wanda ya fita daga jirgi mai lafiya da ƙafarsa ya riga ya zaɓa." Ya nuna bishiyar da almakashi. "Kwana huɗu ko jemage ɗaya bai sauka a kanta ba. Ragar da na saya bara sun yayyaga ta. Wannan kuwa, in iska ta kaɗa ya yi faf-faf, sai su watse. Ko kuma launin ne ba sa iya jurewa."

Talei ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Noelene ta harare ta.

"Baba," in ji Talei bayan ta nutsu, "rana na cinye irin wannan yadin. Kowane yini da ya ƙara a nan, ƙarfinsa raguwa yake, kuma ran 'yar'uwata ne ke rataye a jikinsa."

Tsohon ya dubi bishiyar, 'ya'yanta sun yi nauyi sun fara ja. "Saura sati biyu in tsinke," ya ce a hankali. "Amma kayan mutane kayan mutane ne. Pina! Ina tsanin nan?"

Suka sauke laimar su uku, Pina na ƙasa tana ba da umarni. Noelene ta rungume ta, duk ɗankon mangwaro da ganye, ta ji wani irin daɗi. Sai dai da ta waiga ta ga yadda tsohon ke kallon bishiyarsa tsirara, daɗin ya ragu. Pina kuma ta cika musu kwali da mangwaro, ta ƙi karɓar ko sisi.

A mota, kafin ta tayar, Noelene ta ɗauki waya ta rubuta saƙo mafi tsawo da ta taɓa aikawa zauren. Ta ba da labarin Enzo da jemagunsa, sannan ta ce, "Na san kowannenku yana da tsohuwar laima a garejinsa da ba ta hawuwa, ya kasa jefarwa. Wa zai ba da aro na sati biyu?"

"Ina da biyu. Matata za ta yi miki godiya ta musamman."

"Tawa tun zamanin kakanni, zagayayya ce, za ta rufe bishiya guda ɗungum."

"Ni daga Perth nake, in sa a gidan waya?"

Ranar Asabar iska ta tashi da ƙarfi, jirgi bai ko fito daga rumfarsa ba. A da, irin wannan ranar zama ake a yi ta ƙorafi a zaure ana zagin masu hasashen yanayi. Ran nan kuwa mota tara ce ta jeru a ƙofar Enzo, da laima goma sha bakwai. Aka yi ta hawa tsani ana ɗauri, iska na fizgar yadi, mutane na ihu suna bin sa da gudu. Merv ya tsaya a tsakiya da takarda yana tsara wace laima za ta hau wace bishiya, ba mai sauraronsa. Pina ta dafa taliya tukunya biyu, aka gasa nama, Enzo ya zagaya yana tambayar kowa ko uwarsa ta san abin da yake yi ranar hutu. Talei ta riƙe waya sama tana nuna wa Fintan komai daga gadonsa na Tasmania, aka yi masa alkawari za a aika masa da kwalin mangwaro na farko.

Laimar Noelene ta kwana goma a teburin Talei. Ta sami ƙananan yaga biyu ta ɗinke, ta canza igiya uku, ta gwada ƙarfin yadin ta ce ya ci jarrabawa. Ɗankon ne kawai ya ƙi fita duka.

Ranar da Noelene ta koma sama, ta ɗan ji tsoro a ƙofar jirgi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta yi tsalle, ta ƙirga, ta ja. Laimar ta buɗe sumul, igiyoyi a miƙe. Ta ja dogon numfashi, ta juya arewa, sai ga gonar Enzo can ƙasa, ja da shuɗi da rawaya a tsakiyar koren rake. Ta ga wani ɗan ɗigo a ƙofar gida da ta tabbata Pina ce, ta ɗaga mata ƙafafu biyu tana wutsil-wutsil, ko da yake ta san da wuya a gani daga can.

Da ta sauka ta naɗe kayanta, ta tarar an riga an buɗe sabuwar gardama a zaure: Enzo ya ce zai ba da mangwaro kwali goma, kuma mutum ashirin da shida ne suka rantse sun hau tsani ranar Asabar, har da wanda kowa ya san yana bikin ƙanwarsa a Cairns.